Sarkin Maƙera, Malam Buri da Sauran 'Yan Unguwar Gem

A da, wanda ya ce zai haɗa wasan kwamfuta shi kaɗai kuma ya kasa, yana da abin fakewa: kayan aiki da tsada, mai koyarwa yana can wata uwa duniya. Yanzu duk wannan ya kau. Godot, injin haɗa gem da wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka sakar wa duniya a 2014, kyauta ne. Blender, na sassaƙa mutane da gidaje a cikin kwamfuta, kyauta ne tun 2002, lokacin da masu amfani da shi suka yi karo-karon Yuro 100,000 suka fanso shi. Yaron da ya sayo laftof ta hannu a Beirut Road a Kano, kayan aikinsa ɗaya da na wanda ke zaune a Landan, in ka ɗauke maganar wuta da data.

To me ya sa foldar kowa maƙare take da gem ɗin da aka fara, amma da ƙyar ka sami wanda aka gama? A ganina wata rana ce guda duk ɗan wannan sana'a yake tsoro: ranar da wani baƙo, wanda bai san ka ba, bai san dare nawa ka raba ba, zai danna maɓalli ya buga abin da ka gina, ya kuma faɗi abin da ya gani. Kowa da hanyar da yake bi don kada ranar nan ta riske shi, kuma ta hanyar ake gane irinsa, ko a Tokyo yake ko a Tudun Wada.

Babbansu shi ne Sarkin Maƙera. Shi ba ya taɓa injin kowa. Ka ambaci Godot ya yamutsa fuska, ka ce Unity ya ja tsaki, Unreal kuwa wai ya cika teɓa. Nasa zai ƙera, da C++, tun daga tushe. Ga wanda bai saba ba, injin gem manhaja ce da ke ɗauke maka wahalhalun da kowane gem yake da su: zana hoto a allo sau 60 cikin daƙiƙa, gane lokacin da abu ya bugi abu, fitar da sauti, sauraron madannai. Wasu sun riga sun yi, dubbai sun gwada, an toshe ramukan. Sarki bai gamsu ba. An aike shi tuƙa tuwo, ya wuce daji haƙar tama don ya ƙera fartanyar da za a nome dawar.

Bayan wata takwas zai kira ka da tsakar dare, murya na rawa: "Baaba, kana ina? Zo ka ga ikon Allah." Ka je ka tarar da allo baƙi ƙirin, a tsakiyarsa wata alwatika mai launi uku tana juyawa a hankali. Shi ke nan. Kada ka yi dariya, don idonsa ya ciko da ƙwalla, kuma da hujjarsa: in da Vulkan, wata hanyar sa kwamfuta ta zana hoto a allo, ya yi aikin, alwatikar nan kaɗai ta ci layin kod kusan 1,000. Kada kuma ka kuskura ka tambayi wane gem za a yi da shi. Zai dube ka da tausayi ya ce, "Ai injin nan kowane iri zai iya." Ma'ana, babu ko ɗaya. Daga nan sai ya ga yana bukatar manhajar shirya matakan wasa. Ita kuma tana bukatar tagogi da maɓallai, to sai an rubuta abin zana tagogi. Shi kuma yana cin memori ba bisa ƙa'ida ba, to sai an rubuta mai rabon memori. Wanda ciwon ya yi wa nisa yakan wayi gari ya ce harshen C++ ɗin ne ma bai yi ba. Jonathan Blow na Amurka ya kai wannan matakin: a 2014 ya fara ƙirar harshensa mai suna Jai, shekara 10 bayan haka bai sake shi ga kowa da kowa ba.

Gwarzon Sarki shi ne Chris Sawyer, ɗan Sikotlan, wanda ya rubuta kusan dukkan RollerCoaster Tycoon na 1999 da harshen da ke dab da na na'urar kanta, inda sai ka faɗa mata kowane motsi ɗaya bayan ɗaya. In Sarki na ba da labarin, yakan tsaya kafin a kai wurin da Sawyer ya gama gem ɗin aka saya. Ba ya kuma son a tuna masa cewa Undertale, da Toby Fox ya fitar a 2015 duniya ta ɗauka, da GameMaker aka yi shi, injin da yake kira kayan wasan yara. Duk da haka ni ina girmama shi. Ya fi kowa a unguwar sanin abin da ke gudana a cikin kwamfuta, kuma daga irinsa ake samun kayan aiki kamar raylib na Ramon Santamaria da Dear ImGui na Omar Cornut, waɗanda dubban mutane ke cin moriyarsu. Da zai fito fili ya ce shi maƙeri ne, da ba mai ce masa uffan. Shi ne dai ya dage wai gem yake yi.

Maƙwabcinsa Malam Buri ne. Makon jiya ya koyi yadda ake sa wani ɗan akwati ya matsa hagu da dama. Makon nan ya sanar da gem ɗinsa na farko: birnin Kano gaba ɗaya, daga Ƙofar Mata zuwa Kurmi zuwa Dala, ka shiga duk lungun da ka ga dama, ka tuƙa adaidaita sahu, ka yi ciniki a Kwari, ka shiga dambe, ka hau doki ranar hawan Daushe, mutum 100 a lokaci guda ta intanet, kuma in Agusta ya kama a cikin gem ɗin ruwa zai cika kwata. "GTA na Hausawa," in ji shi, don da San Andreas ya girma a gidan gem na bakin layinsu. Ka gaya masa fiye da mutum 1,000 ne suka yi aikin GTA V kafin ya fito a 2013, zai ce ai su ba su da kishi irin nasa.

Yana da wani kundi cike da labari. Jarumin yana da suna, kakan jarumin yana da suna, dokin ma yana da suna da kirari. An zana tambari, an buga shi a riga. Abin da babu shi ne ƙofa guda da ke buɗewa in an danna. Ka ce masa, "Malam, ka fara da dara mana," sai ya ɗauka zagi ne. Alhali dara ba ƙaramin aiki ba ce a kwamfuta: sai ka koya wa na'ura gidaje, da wanda ke da wasa, da yadda ake gane uku sun jeru, da lokacin da wasa ya ƙare, sannan uwa-uba abokin karawa na kwamfuta wanda ba wawa ba ne kuma bai gagari ci ba. Ga kuma adana wasa in an ɗauke wuta. Nan kusa da mu a Yawunde, Olivier Madiba ya yi fiye da shekara 10 yana goyon Aurion kafin ya fito a 2016, shi da yake da ma'aikata a kamfanin Kiro'o Games. Malam Buri ya ce nasa kafin babbar sallah, in sha Allahu. Bai dai faɗi ta wace shekara ba.

Alhaji Mai Dabara shi ko akwatin ma bai iya matsarwa ba, kuma bai ga dalilin koyo ba. A wurin ɗaurin aure yake kama mutum. "Kai ne yaron nan na kwamfuta ko? Zo nan." Ya ja ka bayan rumfa, ya waiga hagu da dama, ya sa ka yi alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba. Dabarar ita ce Candy Crush, amma da goro da dabino. Kai za ka rubuta, ka zana, ka sa kiɗa, ka ɗora a Play Store da dala 25 ɗinka ta rajista. Shi kuma ya kawo tunani, saboda haka kashi 70 nasa ne. "Sati biyu ai ya ishe ka ko? Ku da komai naku danne-danne ne." Amsar da ta dace ita ce, "To Alhaji, Allah ya sa albarka, zan duba." Ya fi kowa kwanciyar hankali a unguwar, don gem ɗin da ke cikin ka ba ya tsayawa cak, ba kuma mai ba shi tauraro ɗaya.

Ɗalibin Dindindin, abokin datar dare, ba sai an daɗe a kansa ba. Ya bi malamai a YouTube ya gina gem uku, duk sun yi aiki, don duk inda malami ya sa waƙafi nan ya sa. Ranar da ya rufe bidiyo ya buɗe farin shafi sai kansa ya ɗauke wuta. Bai san malamin ya yanke wuraren da shi ma ya rikice kafin ya ɗora ba, don haka ya ɗauka tushensa ne bai yi ƙwari ba, ya nemo wani darasin mai awa 11.

Mai Ƙaura kuwa gem ɗinsa ɗaya ne shekara da shekaru, gidajen haya ne suka yi yawa. An fara shi a Unity, aka kwashe zuwa Unreal saboda hasken rana ya fi kyau a can, laftof ta yi zafi har ta kusa gasa masa cinya, aka dawo. Kowace ƙaura daga farko ake somawa, kuma farkon ne mai daɗi: jarumi yana tafiya, jarumi yana tsalle. Daidai inda za a shiga aikin gajiya, na allon zaɓi da daidaita wahalar mataki na bakwai, nan yake gano injin yana da aibi.

Kakarsa ta yanke saƙa a Satumbar 2023, lokacin da kamfanin Unity ya sanar zai riƙa karɓar kuɗi, har santi 20 na dala, duk sanda wani ya ɗora gem ɗin da aka yi da injinsa. Masu sana'a na gaske sun tayar da ƙayar baya, don an canza musu ƙa'ida bayan sun zuba shekaru. Masu gem ɗin Terraria suka ba Godot kyautar dala 100,000, masu Slay the Spire suka kwashe sabon gem ɗinsu zuwa can, shugaban Unity John Riccitiello ya sauka a Oktoba, bayan shekara guda aka soke harajin ɗungurungum. Amma wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne mutuminmu. A tsarin da aka sanar a lokacin, harajin ba ya hawa kan gem sai ya samar da dala 200,000 a shekara kuma an ɗora shi sau 200,000. Nasa sau 9 aka ɗora, uku daga ciki shi ne a wayoyi daban-daban. Duk da haka ya rantse ba za a ci guminsa ba, ya koma Godot, ya soma daga jarumi yana tafiya. A can kuma ya zama mai wa'azi: ka tambaye shi ƙarfe nawa, ya ba ka labarin lasisin MIT na Godot.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Anti Mai Goge-goge, ko da yake ciwon nata bai bar maza ba. Ita gem ɗinta ana iya buga shi daga farko har ƙarshe, kuma yana da daɗi. Saura ciyawa. Ciyawar mataki na farko ba ta kwanta mata ba, koren ya yi duhu. Ta buɗe Aseprite ta faɗaɗa hoton har ana ƙirga ɗigo-ɗigo, ta canza uku, ta ja baya ta karkata kai, ta mayar da biyu. Da ciyawa ta gyaru sai bishiya ta zama bare, da bishiya ta gyaru sai jarumar ta yi kama da ta wani gem. Hannunta na ƙara faɗawa kullum, don haka duk zanen da ya yi wata uku sai ta ga na 'yan koyo ne. Leƙa foldarta ka gani: gem_na_karshe, gem_na_karshe_2, na_karshe_gyararre, na_karshe_wallahi. An sha ce mata ta koyi Git, manhajar adana tarihin gyare-gyare, ta ce bari ta gama da ciyawa. Takan kafa hujja da Eric Barone, wanda ya yi Stardew Valley shi kaɗai, kod da zane da kiɗa da labari, ya yi ta sake zana fuskokin mutanen ciki tsawon shekara 4 da rabi, yana aikin nuna wa 'yan kallo kujera a wani gidan wasa a Seattle don na cefane. Shi dai a Fabrairun 2016 ya cije ya sake shi, ya ci gaba da goge-gogensa a gaban masu saye, waɗanda cikin wata biyu suka haura miliyan 1.

Da ka ambaci miliyan sai Mai Lissafi ya matso da kujera. Shi kowane gem da farashinsa ya san shi. Ya san Microsoft ta sayi kamfanin Minecraft dala biliyan 2.5 a 2014. Ya san Dong Nguyen na Hanoi ya haɗa Flappy Bird cikin 'yan kwanaki, kuma a farkon 2014 tallan cikinsa na kawo masa kimanin dala 50,000 a kullum. Ya buga wannan da canjin Wapa ya kasa barci. Har gobe bai gane yadda mai hankali zai cire gem irin wannan daga kasuwa da hannunsa ba, kamar yadda Nguyen ya yi a Fabrairun shekarar, wai don yana kama mutane fiye da kima. Tsarinsa mai sauƙi ne: a sayar dala 5, mutum miliyan ɗaya kacal su saya, a cire kashi 30 na kasuwar gem ta Steam, saura a sayi fili. Lissafin dokin Rano ke nan. Ba ya sa cewa a 2023 kaɗai gem fiye da 14,000 aka zuba a Steam, kusan 40 kowace rana; ba ya sa dala 100 ta shiga; ba ya sa cewa mai saye na iya mayarwa a ba shi kuɗinsa in bai kai awa 2 yana bugawa ba, abin da ke da zafi ga wanda duk gem ɗinsa minti 90 ne.

Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya shi ne Mai Gadi, wanda ya ƙi nuna wa kowa aikinsa don kada a sace. Rabin lokacinsa ya tafi wajen ƙera makulli ga gem ɗin da ba shi da mataki na biyu. Manhajojin da ke cikin kwamfutarsa kuwa, kada ka tambayi inda ya samo su. Da ma ya yi koyi da 'yan'uwan nan biyu na Greenheart Games, Patrick da Daniel Klug. A 2013, da suka fitar da Game Dev Tycoon, gem ɗin da a cikinsa kake tafiyar da kamfanin haɗa gem, su da kansu suka watsa kwafin sata. Sai dai a wannan kwafin, da kamfaninka ya fara tasowa sai jama'a su yi ta satar gem ɗinka har ka karye. A ranar farko fiye da kashi 90 cikin 100 na masu bugawa kwafin sata ke hannunsu, wasu har suka fito intanet suna kukan ɓarayi sun hana su sakat, suna neman shawara.

Baƙon da ake ta gudu, in ya tashi zuwa, yawanci ɗan shekara 9 ne: ƙaramin ƙanen mai gem, ko ɗan yayarsa da aka kawo hutu. "Yaya, in buga?" Yaya ya miƙa masa kwamfuta da fara'a, ya tsaya a bayansa ya harɗe hannu. An tsara jarumi zai bi dama, inda aka yi wata biyu ana shirya gada da kogi da maƙiya. Yaron ya bi hagu. Babu komai a hagu, ba a taɓa tunanin wani zai je ba. Jarumi ya taka ƙarshen duniya ya afka cikin duhu, yana ta faɗuwa ba ƙasa ba dalilinta. Aka sake kunnawa. Yaron ya tsallake bayanin da Yaya ya kwana yana tsarawa, ya danne tsalle da gudu da harbi lokaci guda, ya nufi bango a guje, sai ga shi ta ɗaya gefen. Dalilin sananne ne: kwamfuta ba ta ganin tafiya, hoto-hoto take gani. In a wannan hoton jarumi yana gaban bango, a na gaba kuma gudu ya kai shi bayansa, to a wurinta ba su taɓa haɗuwa ba. "Yaya, na ratsa gini!" Yaya ya ce ba haka ake yi ba, kawo in nuna maka. Yaron ya ce, "Ba daɗi. Akwai ƙwallo?" Ya miƙe ya yi gaba, bai san ɓarnar da ya yi ba.

A irin wannan rana ake gane Malam Da Gangan. Shi bai taɓa kuskure ba. Ratsa bango? Sirri ne ya ɓoye don masu basira. An kai gem ɗin kwamfutar abokinsa mai ƙarfi jarumi ya riƙa gudu ninki biyu, saboda ya ɗaure tafiyar da yawan hotunan da na'ura ke zanawa maimakon da agogo. Ya ce wannan matakin ƙwararru ne. Abin haushin, tarihi na ba shi mafaka. Creeper, koren dodon nan mai fashewa da aka san Minecraft da shi, alade Markus Persson ya so ya yi ya rikita awo, jikin da ya kamata ya miƙe a kwance ya miƙe a tsaye. Wanda na fi so shi ne na Dwarf Fortress, gem ɗin da Tarn Adams da ɗan'uwansa Zach ke ginawa tun 2002. An wayi gari kuliyoyi na ta mutuwa a mashayar cikin gem ɗin. Da aka bi diddigi, ashe masu sha na zubar da giya a ƙasa, kyanwa ta taka, ta zauna lasar ƙafa yadda aka koya mata, lissafi kuma ya ɗauki lasar a matsayin kofi guda cur. Adams ya gyara lissafin. Da Malam Da Gangan ne, cewa zai yi kuliyoyin ne ba su da tarbiyya.

Can ƙarshen layi akwai mutumin da ba ya cikin hirar kowa: Mai 'Yar Manhaja. Shi ba duniya yake ginawa ba. Wani abu ne ya dame shi wata rana, ya rubuta abin da zai magance shi, ya ajiye a intanet ko wani zai so. Irinsa ne Igor Pavlov da ya fitar da 7-Zip a 1999, wanda har yau bai kai megabait 2 ba wurin saukewa. Da Don Ho mai Notepad++ tun 2003. Da ɗaliban École Centrale ta Faris da suka fara VLC, mai tambarin robar nan mai tsini da masu gyaran titi ke jerawa, wadda da wuya ka ba ta fim, na Kannywood ko na Indiya, ta ce ba ta iya buɗewa. WinRAR na Eugene Roshal kuwa ya zama abin misali wajen haƙuri: kwana 40 aka ba ka na gwaji, ka shekara da shekaru kana rufe tagar tuni, yana ci gaba da yi maka aiki cikin ladabi. Yana da ɗan'uwa na zamani da ya kamata a yi wa nasiha, wanda ke haɗa 'yar manhajar lissafin cefane da Electron, wato ya cusa burauzar Chromium sukutum a cikinta, ta haura megabait 100, ya turo maka ranar da datarka ke gargara.

Na gida da na fi gani shi ne mai haruffa. Ya gaji da rubuta Hausa babu haruffa masu lanƙwasa, ya zauna da AutoHotkey ya rubuta 'yan layuka: ka danna Alt da k ta ba ka ƙ, Alt da d ta ba ka ɗ, Alt da b ta ba ka ɓ. Aikin yamma ɗaya. Ya ba abokinsa, abokin ya ba wata malamar makaranta, ita ta ba mai shagon buga takardu, kafin wata shida lambar wayarsa tana hannun mutanen da bai taɓa gani ba. Shi kaɗai ne a unguwar da ranar da kowa ke gudu ta riska har ta shimfiɗa tabarma. Bai sami ko kwabo ba. Abin da ya samu shi ne Mai Ƙorafi.

Mai Ƙorafi ba ya doguwar sallama, ba ya bayani. Saƙonsa ƙarfe 11 na dare yake zuwa: "Malam, abin nan naka ba ya aiki." Wace kwamfuta ce? "Baƙa ce." Wane Windows? "Na ciki." Me ta rubuto da ka danna? "Wani Turanci." Wata rana matsalar ta gaske ce: manhajar tsaro ta ga wani ɗan fayil da ba ta sani ba yana sauraron madannai, ta ɗauka ɓarawon lambar sirri ne ta cafke shi, sai Malam ya yi rabin awa yana rantsuwa ba shi da niyyar kwashe wa kowa kuɗin banki. Wata rana harafin ya fito amma a matsayin fankon akwati, don salon rubutun da aka zaɓa wa katin biki ba shi da ƙ a cikinsa sam. Wannan ma laifin Malam ne, kuma an riga an buga kati 500. Akwai mai son a sa mata launin kore, akwai mai son ta yi aiki a wayarsa, akwai wanda ya yi fushi da aka gyara ta don ya saba da yadda take lalacewa a da.

Wani lokacin, bayan doguwar tambaya da amsa, da hoton allo da aka ɗauka da waya a karkace, rabinsa fuskar mai ɗaukar ce a gilashi, sai a ji shiru kwana biyu. Sannan:

"Malam, ya yi. Ashe ban kunna ta ba."

"Alhamdu lillahi."

"Allah ya saka da alheri. Af, tunda kana kusa, ba za ka sa ta riƙa fassara Turanci zuwa Hausa ba? Ai ƙaramin abu ne a wurinku."